Firinta Ta Ƙi Karɓar Adireshi: Yadda Ake Bin Diddigin Matsalar DHCP Har a Gyara

Sau da yawa idan kwamfuta ta ce firinta ba ta kan layi, alhali ga ta a kunne, ga takarda, ga tawada, to lafiyar injin ƙalau. Adireshi ne ya sami matsala. Ko dai firintar ba ta sami adireshin IP ba ko kaɗan, ko ta sami wanda ba na netwok ɗinka ba, ko kuma ta sami sabo mai kyau amma kwamfuta na ci gaba da tura aiki zuwa tsohon. A fuskar kwamfuta dukkan ukun kamarsu ɗaya, amma maganin kowanne daban. Saboda haka abu ɗaya nake roƙo tun farko: kada ka goge direba, wato manhajar da kwamfuta ke sarrafa firinta da ita, kada ka mayar da firinta saitin kamfani, kada ka taɓa komai tukuna, sai ka karanta lambar da firintar ke riƙe da ita a yanzu. Ita za ta nuna maka inda za ka dosa.

Abin da ke faruwa idan an kunna firinta

Duk na'urar da ta shiga netwok tana buƙatar adireshin IP, rukunin lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, irin 192.168.1.25. A gida da ƙaramin ofis rauta ce ke rabon waɗannan adiresoshi, ta tsarin da ake kira DHCP, wanda ƙa'idarsa da ake aiki da ita yau ta fito a 1997. A manyan ma'aikatu kuwa sau da yawa saba ce, wato kwamfuta ta musamman, ke wannan aiki.

Magana huɗu ce ke shiga tsakaninsu. Firinta ta farka ba ta da adireshi, ba ta kuma san wa za ta tambaya ba, sai ta yi shela ga duk wanda ke netwok ɗin, ta haɗa da lambarta ta MAC, wato lambar haruffa da alƙaluma goma sha biyu da aka ba katin sadarwarta tun daga masana'anta. Rauta ta ji shelar, ta yi mata tayin adireshi. Firinta ta ce tana son wannan. Rauta ta tabbatar. A cikin amsar ake haɗa mata da sauran abubuwan da take buƙata: ma'aunin da ke nuna iyakar netwok ɗin, wanda galibi 255.255.255.0 ne, da adireshin ƙofar fita, wato rautar kanta, da na DNS, mai fassara sunayen intanet zuwa adireshi, da kuma wa'adi.

Wa'adin nan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Aro ake ba firinta, ba kyauta ba, kamar ɗakin masauki da aka ba baƙo na 'yan kwanaki. Rautocin gida da yawa awa 24 suke bayarwa, sabar Windows kuma kwana 8 ne wa'adinta na asali. Idan rabin lokacin ya wuce, firinta kan koma ta nemi a sabunta mata. In ba a amsa ba, sai ta jira har kashi 87.5 cikin ɗari na wa'adin ya tafi, ta yi shela ga duk mai iya sabuntawa. In wa'adi ya cika shiru, dole ta saki adireshin ta soma daga farko, kuma babu tabbacin za a mayar mata da na da.

Riƙe abu biyu daga nan. Shela ba ta tsallake rauta zuwa wani netwok sai an yi mata tanadi na musamman. Adireshin aro kuma yana iya canzawa. Kusan duk abin da zai biyo baya daga waɗannan biyun ya samo asali.

Mataki na farko: tambayi firintar kanta

Kowace firintar netwok tana iya buga shafin bayanin sadarwarta ba tare da kwamfuta ba. In tana da allo, nemi sashen Network, ko Wireless, ko Reports, za ka ga wani abu mai suna irin Network Configuration ko Network Status. In ba ta da allo, akwai maɓallin da ake dannawa a riƙe, ko maɓallai biyu tare, kuma wannan ya danganta da samfurin, don haka littafinta ne zai faɗa maka. Buga shafin a takarda ya fi karanta shi a ƙaramin allo, domin za ka riƙa komawa kansa.

Ja layi a ƙarƙashin abu biyar: adireshin IP, ma'aunin netwok, ƙofar fita, lambar MAC, da yadda aka sami adireshin. Wannan na ƙarshe wasu kamfanoni na rubuta shi Config Method, wasu IP Assignment, Brother kuma Boot Method take cewa. Lura da kyau: firintar da ke da Wi-Fi da kuma ramin kebul tana da lambar MAC biyu, kowane ɓangare da tasa, kuma shafin zai nuna su a wurare daban-daban. Tabbata ɓangaren da kake aiki da shi kake karantawa. Akwai kuma sashen Wi-Fi Direct, inda firinta ke kafa ɗan netwok nata na kanta don waya ta haɗu da ita kai tsaye. Adireshin da ke wurin, misali 192.168.223.1 a firintocin HP da yawa, ba ruwansa da rautarka, kada ya ruɗe ka.

Mataki na biyu: tambayi kwamfutar da ke aiki lafiya

Je ka kwamfutar da ke shiga intanet ba matsala a netwok ɗin da kake so firinta ta kasance. A Windows buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig /all. A Linux ip addr, da ip route don ganin ƙofar fita. A Mac duba bayanan haɗin a cikin saitin Wi-Fi ko na netwok. Rubuta adireshinta, da ƙofar fita, da, in Windows ce, layin da ke cewa DHCP Server, wanda ke nuna wa ya ba ta adireshin.

Yanzu ajiye takardun biyu gefe da gefe. Idan ma'aunin 255.255.255.0 ne, rukunai uku na farko dole su zama iri ɗaya a kwamfuta da firinta, na huɗun kaɗai ke bambanta. Kwamfuta 192.168.1.40 da firinta 192.168.1.25 gida ɗaya suke. Kwamfuta 192.168.1.40 da firinta 192.168.0.25 ba za su ga juna kai tsaye ba, ko da a tebur ɗaya suke.

Abin da za ka gani a takardar firinta ba zai wuce ɗayan waɗannan ba. In 0.0.0.0 ne, ko wurin fayau, firintar ba ta ma haɗu da netwok ba, ko tana cikin jira. In ya fara da 169.254, ta yi shela ba a amsa mata ba, sai ta zaɓar wa kanta adireshin wucin gadi daga rukunin da aka keɓe don haka. Tsofaffin katunan HP Jetdirect kan nuna 192.0.0.192 a irin wannan hali, ma'anarsa ɗaya. In adireshi ne mai kama da na gaske amma rukunansa sun saɓa da na kwamfuta, wani ne daban ya ba ta, ko wani ya taɓa rubuta shi da hannu. In kuma ya dace da na kwamfuta tsaf, to DHCP ya yi aikinsa, laifin yana gaba.

Idan ta nuna 0.0.0.0 ko 169.254

Fara da yadda aka saita ta nemi adireshi. In layin ya ce Static ko Manual, wato adireshin da aka rubuta da hannu, ba za ta taɓa tambayar kowa ba. In ya ce BOOTP ko RARP, tsofaffin hanyoyi ne da suka riga DHCP, kuma rautocin gida da yawa ba sa kula su. Mayar da shi DHCP, ko Auto, ka kashe firinta ka kunna.

Sai tsarin kunnawa, wanda ya fi kowane dalili yawa a wuraren da wuta ke ɗaukewa ta dawo. Firinta kan gama farkawa cikin daƙiƙu kaɗan, rauta kuwa tana iya ɗaukar minti ɗaya ko biyu kafin ta shirya. A wannan tsakanin firinta ta yi shelarta, ba ta ji kowa ba, ta ɗauki 169.254 ta zauna. Wasu kan sake gwadawa bayan 'yan mintuna, wasu sai an taɓa su. Gwajin mai sauƙi ne: kashe firinta, bar rauta ta gama tashi har waya ta shiga intanet ta cikinta, sannan ka kunna firinta, ka jira minti biyu, ka sake buga shafin. In adireshi mai kyau ya fito, ka gano bakin zaren.

In ta kebul aka haɗa, leƙa bayan firinta. A bakin ramin akwai ƙananan fitilu, galibi ɗaya na tsaye ɗaya na ƙiftawa. In duka a mace suke, ba maganar DHCP ake ba tukuna, layin ne bai haɗu ba. Canza kebul da wanda ka tabbata yana aiki, canza ramin rauta, ka kuma tabbata ba a ramin WAN ko Internet aka soka ba, domin wannan na layin da ke shigowa daga waje ne. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne a zare kebul ɗin daga firinta a soka shi a laftof, a kashe Wi-Fi ɗin laftof ɗin, a duba ko ta sami adireshi. In ta samu, kebul da rami da rauta sun fita daga zargi, saura firinta. In ita ma 169.254 ta ɗauka, ka bar firinta ta huta, ka bi layin.

In ta Wi-Fi ce, akwai bambanci tsakanin haɗuwa da rauta da samun adireshi, kuma haɗuwa ce ke zuwa farko. Shafin zai nuna sunan netwok ɗin da firinta ke ciki da ƙarfin siginar. In babu suna, ko ya ce ba a haɗe take ba, duba waɗannan. Firintoci da yawa, musamman ƙanana da tsofaffi, zangon 2.4 GHz kaɗai suke ji, ba sa ganin na 5 GHz. Sababbin rautoci kan haɗe zangon biyu a suna ɗaya, wani lokaci kuma wannan kan rikita firinta. Raba su, ka ba na 2.4 sunansa daban, ka sa firinta a can. Haka tsaron WPA3: firintar da aka ƙera kafin zuwansa ba ta san shi ba, sai an mayar da rauta WPA2 ko yanayin da ke karɓar duka biyun. Kalmar sirri kuma a sake shigar da ita a natse, ana lura da manya da ƙananan haruffa, don allon firinta ƙarami ne kuma kuskure a kansa abu ne mai sauƙi. In an canza rauta, ko suna, ko kalmar sirri kwanan nan, firinta na nan tana neman tsohon. Ƙarin abu ɗaya: firintoci da yawa kan kashe Wi-Fi da kansu da zarar an soka musu kebul, ko da ɗaya bakin kebul ɗin ba ya haɗe da komai mai amfani. Zaɓi hanya ɗaya, ka cire ɗayar.

In haɗin ya yi kyau amma har yanzu 169.254 ne, lokacin shiga rauta ya yi. Rubuta adireshin ƙofar fita a burauza, ka shiga da kalmar sirrin mai kula, ka nemi sashen LAN ko DHCP. Tabbata a kunne yake. Duba ko an kunna tace na'urori ta lambar MAC, domin in an yi jerin waɗanda aka yarda da su kuma firinta ba ta ciki, ba za a kula ta ba. Sannan duba girman rumbun adiresoshin. Netwok mai ma'aunin 255.255.255.0 adireshi 254 yake da su gaba ɗaya, kuma rautoci da yawa wani yanki kawai suke ware wa rabo, misali daga .100 zuwa .199. A ofis mai yawan baƙi wannan kan ƙare ba a ankara ba, domin wayar da ta shigo ta fita tana riƙe da aronta har wa'adi ya cika. Tun daga Android 10 da iOS 14 kuma wayoyi na ɓoye ainihin lambarsu ta MAC su nuna wata, kuma duk sa'ad da waya ta bayyana da sabuwar lamba, sabon aro ne a wurin rauta. In rumbu ya cika, faɗaɗa shi, ko ka rage wa'adin zuwa 'yan awoyi don adiresoshi su riƙa dawowa da wuri. Ƙananan rautocin aljihu su kuma suna da iyakar yawan na'urorin da suke ɗauka a lokaci ɗaya, in an cika, ta ƙarshe a waje take kwana.

A ma'aikata mai suwici da ake sarrafawa, wato akwati mai ramuka da yawa da ke haɗa kebul ɗin na'urori, akwai wasu dalilan da mai gida ba zai gamu da su ba, kuma nan aikin mai kula da netwok ne. Tsohon tsarin Spanning Tree kan riƙe rami kusan daƙiƙa 30 kafin ya bar bayanai su wuce, firinta kuma tana iya gajiya da shela kafin nan. Maganinsa a saita ramin a matsayin na na'urar ƙarshe, abin da Cisco ke kira PortFast. Ramin yana iya kasancewa a VLAN, wato wani yankin netwok da aka ware a cikin suwici, da ba shi ba ne. In sabar DHCP tana wani netwok daban, dole a sami mai miƙa saƙo a tsakani, wanda a na'urorin Cisco umarnin ip helper-address ke kafawa, in babu shi shelar ba za ta isa ba. Tsaron rami da ke ƙayyade lambar MAC, ko tantancewar 802.1X, su ma kan rufe wa firinta ƙofa shiru ba tare da wani saƙo a allonta ba. In ka kai wa mai kula da netwok lambar MAC, da lambar ramin bango, da adireshin da firinta ta nuna, ka rage masa rabin aiki.

Idan ta sami adireshi amma na wani netwok

Duba layin yadda aka samu. In Static ne, firintar ta taho da adireshin tsohon wurinta, ko na tsohuwar rauta. Mayar da ita DHCP, shi ke nan.

In kuwa DHCP ya ce amma lambobin sun saɓa, to akwai mai rabo na biyu a netwok ɗin, kuma a nan gizo ke saƙa. Yadda abin ke faruwa kusan kullum ɗaya ne: wani ya kawo tsohuwar rauta don ƙara ƙarfin Wi-Fi ko ƙara ramuka, ya soka kebul a ɗaya daga ramukanta na LAN, bai kashe DHCP ɗinta ba. Yanzu masu amsa shela biyu ne, kuma na'ura galibi tayin da ya riga isowa take karɓa. Shi ya sa matsalar ke zuwa ta tafi: yau firinta ta yi aiki, gobe ta ɓace, jibi wata kwamfuta ce ta rasa intanet. Ƙofar fitar da ke shafin firinta ita ce za ta tona asiri. Kwatanta ta da ta kwamfutar da ke lafiya, in sun bambanta, ta firintar adireshin baƙuwar rauta ce. Nemo ta, ka shiga cikinta ka kashe DHCP, ko ka mayar da ita yanayin Access Point in tana da shi, sannan ka kashe firinta ka kunna.

Akwai wani fasalin kusa da wannan. In an soka kebul a ramin WAN na rauta ta biyu, ta kafa netwok nata daban a bayan na farko. Na'urorin da ke bayanta na iya kaiwa ga na gaba, amma na gaba ba sa iya kaiwa ga na bayanta. Firintar da ke can ciki za ta sami adireshi, har intanet ma, amma kwamfutocin rautar farko ba za su gan ta ba. Haka netwok ɗin baƙi: an gina shi ne musamman don na'urori kada su ga juna, don haka firinta ba ta da abin yi a cikinsa.

Idan adireshin daidai ne amma aiki ba ya fita

Daga kwamfuta, a Command Prompt, rubuta ping, umarnin da ke gwada ko na'ura na amsawa, da adireshin firinta. Karanta amsar da kyau, domin Windows kan nuna layin Destination host unreachable wanda ya fara da kalmar Reply, mai gaggawa sai ya ɗauka amsa ce, alhali kwamfutarka ce ke cewa ba ta sami kowa ba. Amsar gaskiya tana ɗauke da lokaci da TTL. Daga nan rubuta adireshin a burauza. Yawancin firintocin netwok suna da shafin saiti a cikinsu, in ya buɗe ka ga sunan firintarka, hanya a buɗe take.

In ping bai yi ba kuma duka biyun suna Wi-Fi ɗaya, nemi saitin da ake kira AP Isolation ko Client Isolation a rauta ka kashe shi. Kashe VPN ɗin kwamfuta ma na ɗan lokaci, don wasu kan toshe hanyar zuwa na'urorin cikin gida.

In ping na yi wani lokaci ya ƙi wani lokaci, ko shafin wata na'ura ce ta buɗe, zargi karon adireshi: na'ura biyu, lamba ɗaya. Yakan faru ne idan an rubuta wa wata na'ura adireshi da hannu daga cikin rumbun rabo, rauta ba ta sani ba ta ara wa wata. Don tabbatarwa, yi ping sannan ka rubuta arp -a, ka duba lambar MAC da ke gefen adireshin, ka kwatanta da ta takardarka. In sun bambanta, wani ne ke amsawa da sunan firinta. Ko ka kashe firintar gaba ɗaya ka sake ping: abin da aka kashe ba ya amsawa.

In duk wannan lafiya ne, saura kwamfutar. Ranar da aka saka firinta, sau da yawa Windows ta rubuta adireshin wannan ranar a matsayin tashar da za ta riƙa tura aiki, kuma ba za ta sauya shi don rauta ta sauya ba. Shiga Printers & scanners, zaɓi firintar, buɗe Printer properties, ka je shafin Ports. Duba adireshin da ke tashar da aka yi wa alama. In tsoho ne, danna Add Port, zaɓi Standard TCP/IP Port, ka shigar da sabon. Yayin da kake nan, leƙa Configure Port. In akwai alama a SNMP Status Enabled kuma firinta ba ta amsa irin wannan tambaya, Windows kan ce ba ta kan layi ko da tana nan daram. Cire alamar ka gani. Kafin gwaji share ayyukan da suka maƙale a layin jira, in ba haka ba tsofaffin za su tare wa sababbin hanya, ko su fito gaba ɗaya su cinye takarda. Mai son ƙarin tabbaci zai iya rubuta Test-NetConnection da adireshin da -Port 9100 a PowerShell, domin 9100 ita ce tashar da firintoci da yawa ke karɓar aiki ta cikinta, 631 kuma ta IPP ce. A Mac hanya mafi sauƙi ita ce a cire firintar a sake ƙara ta.

Wayoyi da Mac da ke gano firinta ta AirPrint ko Bonjour da suna suke nemo ta, don haka canjin adireshi bai cika damunsu ba. Wannan ma alama ce mai amfani: in waya na bugawa kwamfuta ta ƙi, kusan tabbas tashar kwamfutar ce ta tsufa.

Idan tana aiki sai ta ɓace bayan awoyi

Wannan yakan nuna barci mai nauyi. Don tanadin wuta, wasu firintoci kan kashe katin sadarwarsu ko su rage masa ƙarfi, lokacin sabunta aro ya zo ya wuce suna barci. Gwada tsawaita lokacin shiga barci, ko kashe yanayin barci mai zurfi da saitin da ke sa firinta ta mutu da kanta, ka ga ko ɓatan ya daina. Duba kuma shafin kamfanin ko akwai sabuwar manhajar cikin firinta, don irin wannan aibu a nan ake gyara shi. Kada a yi wannan sabuntawa sai wuta na tsaye, domin in ta yanke a tsakiya firintar na iya ƙin tashi.

Gyaran da ke ɗorewa

Sa sabon adireshi a kwamfuta yau magani ne na ɗan lokaci, in dai rauta na iya sake canza shi. Firinta na'ura ce da wasu ke nema, saboda haka ya kamata ta zauna a lamba ɗaya. Hanya biyu ce, kuma ina da wadda na fi so.

Ta farko ita ce keɓe adireshi a rauta. A sashen DHCP nemi Address Reservation, ko Static Lease, ko IP and MAC Binding, suna ya danganta da kamfani. Shigar da lambar MAC ta ɓangaren da firinta ke amfani da shi, ka ba ta adireshin da babu mai riƙe da shi, ka adana. Firinta ta ci gaba da zama a DHCP. Kashe ta ka kunna, buga shafin, ka tabbata sabon ya hau. Ita na fi so, domin duk bayanin yana wuri ɗaya, rauta ta san lambar tana da mai ita ba za ta ara wa wani ba, kuma in ƙofar fita ko DNS ya canza firinta za ta karɓi sabon da kanta. In ka dawo da firinta daga Wi-Fi zuwa kebul, tuna lambar MAC ta canza, sai an gyara keɓewar. In an sauya rauta ma sai an sake yi.

Ta biyu ita ce rubuta adireshi da hannu a cikin firintar. Tana da wurinta: inda rauta ba ta da damar keɓewa, ko inda firinta ke yawan riga rauta tashi bayan ɗaukewar wuta, domin mai adireshi a hannu ba ta jiran kowa. Sharaɗinta ɗaya ne mai ƙarfi, a zaɓi lamba a wajen rumbun rabo. In rauta na rabawa daga .100 zuwa .199, ba firinta .20, bayan ka tabbata ta ping da jerin na'urorin rauta cewa babu kowa a kai. Cika ma'auni da ƙofar fita da DNS daidai da na kwamfuta. In ka bar ƙofar fita da DNS fayau, bugawa daga cikin gida zai yi, amma tura hoton takarda zuwa imel ba zai yi ba. Sannan rubuta adireshin a ɗan takarda ka manna a jikin firinta, don wanda zai zo bayanka ya san da hannu aka sa.

Ko wacce ka bi, koma kowace kwamfuta ka mayar da tasharta kan wannan adireshin, ka buga shafin gwaji daga kowacce.

In duk an bi ba ta karɓa ba

Yanzu ne lokacin mayar da saitin sadarwa kaɗai zuwa na asali, abin da menu ke kira Restore Network Settings ko Network Reset. Wannan daban yake da mayar da firinta gaba ɗaya, wanda zai goge littafin adiresoshin imel da sauran saituna. Ajiye shafin da ka buga tun farko, za ka buƙace shi wajen sake saitawa.

Mai iya aiki da Wireshark, manhajar da ke nuna saƙonnin da ke wucewa a netwok, zai iya ganin maganar da idonsa. Haɗa laftof a netwok ɗaya ta kebul, sa matatar dhcp, ko bootp a tsofaffin sigogin manhajar, sannan ka kunna firinta. Shelar farko ga kowa ake yinta, don haka za ta bayyana da lambar MAC ta firinta. Amsar rauta ba lallai ta bayyana ba, don wani lokaci kai tsaye ake aika ta. Abin lura shi ne halin firintar: in Discover, wato shelar farko, kawai take maimaitawa, babu tayin da ke isa gare ta, laifin na hanya ne ko na mai rabo. In ta bi shi da Request, wato saƙon da take cewa tana son adireshin, ta sami tayi, kuma a cikin saƙon za ka ga adireshin wanda ya yi tayin. In ko shela ɗaya ba ta fito ba, alhali kebul ɗin ya yi aiki a laftof kuma saitin na kan DHCP, to katin sadarwar firintar ne abin zargi. A wannan hali gwada ɗaya ɓangaren, Wi-Fi in kebul ne ya mutu, ko kebul in Wi-Fi ne. In shi ma babu, haɗa ta da kwamfuta ɗaya ta USB ka raba ta ga sauran daga can, kafin a kai ta wurin mai gyara.